Abin Da Ya Taɓa Hanji Ya Kan Taɓa Ƙashi

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu game da wani al'amari wanda na ke gani mun yi masa riƙon sakainar kashi. Hausawa sun ce abin da ya taɓa hanci, idanu su ke ruwa. To, likitocin zamani sun gano wata zumunta irin wannan a jikin ɗan Adam, tsakanin hanji da gaɓoɓi da ƙashin baya. Ra'ayina shi ne, tun da ya ke haka ne, randar makaranta da masai na makaranta suna cikin aikin malami kamar yadda allo da alli su ke, kuma malamin da bai san alamun wannan ciwo ba zai zalunci yaro da bulala, yana tsammani tarbiyya ya ke yi.

Kowa ya san yadda mu ke yi. In tsoho ya ce bayansa na ciwo, sai a ce tsufa ne. In saurayi ya faɗi haka, sai a ce sanyi ne, ko kaya ya ɗauka mai nauyi, ko kuwa ragwanci ne kawai. In gwiwa ta kumbura, a kira wanzami ya yi ƙaho, ko a yi sakiya. Atuni kuwa, da ya tsaya, shi ke nan an manta da shi. Da wuya ka ji wani ya tambayi mai kumburin gwiwa ko ya yi gudawa a watan jiya, alhali kuwa sau da yawa amsar tana nan.

Bari in fara daga tushe. A cikin hanjin kowane mutum mai lafiya akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, ana ce da su bakteriya. A shekarar 2016 waɗansu masana suka ƙiyasta cewa matsakaicin mutum yana ɗauke da wajen tiriliyan 38 daga cikinsu, galibi a babban hanji, nauyinsu duka kamar giram 200. Kada wannan ya ba mai karatu tsoro, gama yawancinsu barori ne masu amfani. Su ke narkar da dusar hatsi da ganye waɗanda cikinmu ba ya iya narkarwa, su fid da wani abinci daga ciki wanda bangon hanji ya ke rayuwa da shi. Sun kuma cika wurin, har baƙuwar cuta ta rasa inda za ta zauna.

Bangon da ya raba waɗannan halittu da jininmu siriri ne ƙwarai, bai kai kaurin takarda ba. A bayansa Allah ya girke dakarun tsaron jiki masu yawan gaske, suna gadi dare da rana. Muddin bangon na nan lafiya, kowa na zaune a wurinsa. Amma in muguwar cuta ta shigo ta yi masa giɓi, ko barorin kirki suka ragu miyagu suka yi yawa, sai ɓurɓushin bakteriya ya ratsa zuwa cikin jini, dakarun nan su harzuƙa. Ga waɗansu mutane faɗan ba ya tsayawa a hanji. Ya kan bi jini ya kai gwiwa, da idon sawu, da diddige inda jijiya ta kama ƙashi, da mahaɗin kwankwaso da ƙashin baya, har da ido. Zafi da kumburin da mai ciwo ya ke ji, ɓarnar dakarun jikinsa ce, waɗanda su ke ta sara bayan abokin gaba ya riga ya tafi.

Ciwo iri biyu na ke so mu riƙe. Na fari shi ne amosanin da ke bin sawun atuni. Mutum ya sha ruwa ko ya ci abinci mai ɗauke da Shigela, ko Salmonela, ko Kamfilobakta, ko Yasiniya, ya yi gudawa, ya warke. Bayan mako 1 zuwa 4 sai gwiwa ɗaya ko idon sawu ya kumbura, wani ɗan yatsan ƙafa ya cika tim, ido ya yi ja, wani lokaci fitsari ya yi zafi. Wani ciwon sanyi da a ke ɗauka ta wajen saduwa shi ma ya kan jawo haka. Yawancin masu wannan amosani su kan warke cikin watanni, amma ga waɗansu ya kan zauna, har ya hau baya.

Na biyu shi ne ciwon sandarewar ƙashin baya, wanda likitoci ke kira ankilosin sifondilaitis. Ya kan fara a hankali tun mutum na saurayi ko budurwa, daga kwankwaso. Duk inda kumburi ya ci, sai jiki ya yi gyara da sabon ƙashi, yau da gobe har ƙasusuwan baya su manne da juna, hoton asibiti ya nuna su kamar sandar gora. Mai shi ya kan rankwafa, ya kasa waiwaye sai ya juya jiki duka. In ƙashi ya riga ya manne, ba maganin da zai raba shi.

Wani zai ce, ina shaidar cewa hanji na da hannu? Ai shaidu suna da yawa, ga kaɗan daga ciki. A shekarar 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likitan Jamus, Hans Reiter, da waɗansu likitocin Faransa biyu, Fiessinger da Leroy, kowa a nasa gefen fagen fama, suka ba da labarin sojan da gaɓoɓinsu suka kumbura, idanunsu suka yi ja, bayan sun yi atuni. A 1944 annobar atuni ta kama mutum wajen 150,000 a ƙasar Finlan, likita Ilmari Paronen ya ƙidaya 344 waɗanda wannan amosani ya biyo musu baya. A 1989, a birnin Turku na ƙasar nan dai, Kaisa Granfors da abokan aikinta suka zuƙo ruwa daga gaɓoɓin masu ciwon, suka sami ɓurɓushin bakteriyar hanji a ciki, ko da ya ke ba mai rai a cikinsu. A birnin Gent na Beljiyam kuma, tun daga shekarun 1980, likitoci Mielants da Veys suka riƙa leƙa hanjin masu irin waɗannan ciwace-ciwace da na'ura, suka tarar wajen rabinsu suna da ɓoyayyen kumburi a hanji, alhali da yawansu ba su taɓa kukan ciki ba.

Shaidar da ta fi gamsar da ni ta ɓeraye ce. A 1973 likitoci a Landan da Los Anjalis suka gano wata alama ta gado a jikin mutum, ana ce da ita HLA-B27. A cikin Turawa masu sandarewar baya, wajen 9 cikin 10 suna da ita. Sai a ka zaci gado ne kurum. A 1990, a birnin Dalas na Amurka, masana suka sa wa ɓeraye wannan alama, ɓerayen kuwa suka kamu da gudawa da kumburin gaɓoɓi. A 1994 Joel Taurog da abokan aikinsa suka reni irin ɓerayen nan a wani keji wanda ko bakteriya ɗaya ba ta shiga, sai ga shi hanjinsu lafiya, gaɓoɓinsu lafiya. Da a ka mayar musu da bakteriyar hanji, ciwo ya dawo. Watau gado kamar busasshen kara ne, ba ya cin wuta sai an kawo garwashi, garwashin kuwa sau da yawa daga hanji ya ke fitowa.

Na san abin da waɗansu za su ce, gama na ji an faɗa a ɗakin cin abincinmu: wai wannan ciwon Turawa ne, ba ruwanmu. Akwai ɗan kamshin gaskiya a maganar, don alamar B27 ba ta da yawa a Afirka ta Yamma. Har ma a 1997 an ba da rahoton wani bincike a Gambiya, inda a ka duba Fulani fiye da 1,000. Wajen 6 cikin 100 na Fulanin wurin suna da alamar, amma ba a sami ko mutum ɗaya mai sandarewar baya ba. Sai dai kada mu yi saurin murna. Likitocin Wagadugu a Burkina Faso sun sami masu ciwon a asibitinsu, da yawansu kuwa da alamar. A Lusaka ta Zambiya, bayan cuta mai karya garkuwar jiki ta yaɗu, likitoci suka riƙa ganin wannan amosani da yawa a jikin mutanen da ba su da alamar ko kusa. Ashe baƙar fata ba laya ba ce. In gadon ya yi mana sauƙi, garwashin fa, watau atuni da gurɓataccen ruwa, ai mun fi Turawa yawansa nesa ba kusa ba.

Mu dubi gida. Khaddamari ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jere, Jere kuwa ƙasar fadama ce, inda ruwan kogin Ngadda ya ke malala, shi ya sa shinkafa ta ke yi. Ruwan da ke ba mu shinkafa, shi ne kuma ya ke kwaso ƙazanta in ya yi yawa. A watan Agusta na 2017 kwalara ta ɓulla a sansanin Muna Gareji, cikin Jere. Ran 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kamar yadda ambaliya ta taɓa yi a 1994, ruwa ya ci Maiduguri da Jere, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, ya haɗa masai da rijiya. Ran 4 ga Oktoba gwamnatin Jihar Borno ta ba da sanarwar ɓullar kwalara, Jere tana cikin wuraren da a ka ambata. Ita kwalara ba ta cikin cututtukan da a ka sani da jawo amosani, amma hanyarta ɗaya da Shigela da Salmonela da Kamfilobakta: daga bayan gida zuwa ruwa, daga ruwa zuwa baki. Inda ta sami ƙofa, su ma sun samu.

Abin da ya faru a wani ƙaramin gari na Kanada, Walkerton, ya isa ishara. A watan Mayu na 2000 a ka yi ruwan sama mai yawa, ya wanke kashin shanu ya kai cikin rijiyar da garin ke sha. Mutum wajen 2,300 suka kwanta, 7 suka mutu. Likitoci suka bi sawun mutanen garin shekara da shekaru, suka ga waɗanda gudawar ta fi tsananta musu sun fi sauran yawan samun ciwon gaɓoɓi daga baya. In ruwan sama na 'yan kwanaki ya bar irin wannan gado a ƙasar masu arziki, ina ga namu, da mu ke sayen ruwa wajen mai moya, ba mu san inda ya ɗebo ba?

Sa'ad da a ka tura mu koyarwar gwaji a wata makaranta ta yankin Khaddamari, na ga wani yaro, shekarunsa kamar 14, kullum ya kan zo a makare yana ɗingishi, kullum kuwa sai ya sha bulala a bakin ƙofa. Abin da ya sa a ke ƙaryata shi, da hantsi ya yi sai a gan shi yana tafiya sosai, har ya ɗan taɓa ƙwallo. Da na tambaye shi, ya ce gwiwarsa da diddigensa su kan sandare da asuba, sai ya yi ta motsi kafin su saki, kuma kafin abin ya fara ya yi atuni har da jini. A gida an yi masa ƙaho sau biyu. Da ubansa ya kai shi asibiti a Maiduguri, likita ya ce amosanin bayan atuni ne, ya ba shi magani. Ku duba fa, abin da a ka kafa hujja da shi cewa ƙarya ya ke yi, watau samun sauƙi bayan motsi, shi ne babbar alamar ciwon.

Wani kuma zai ce malami ba likita ba ne, kowa ya tsaya a gonarsa. Gaskiya ne, ban ce mu ba da magani ba. Amma wa ya fi malami ganin yaro? Likita ya kan gan shi minti 10, mu kuwa muna tare da shi kwana 5 a mako. Ko a ƙasashen Turai, mai sandarewar baya ya kan yi fiye da shekara 6 yana fama kafin a gane abin da ke damunsa, a cikin shekarun nan kuwa ƙashi ke mannewa. Saboda haka ga alamun da ya kamata kowannenmu ya haddace kamar jadawalin sau. Ciwon bayan da ya fara kafin shekara 40, ya shigo a hankali, ya wuce wata 3. Sandarewa da safe fiye da rabin sa'a. Hutu ya ƙara shi, motsi ya rage shi, ya kan kuma ta da mutum daga barci a ƙarshen dare. Ciwon baya na ɗaukar kaya akasin haka ya ke, shi kwanciya ya ke so. In an haɗa da kumburin gwiwa, ko ciwon diddige, ko jan ido mai zafi da ƙin haske, ko gudawa mai zuwa tana komowa, to, a kira uban yaro a ce ya kai shi asibiti, ya kuma gaya wa likita labarin cikin, kada ya tsaya ga ƙafa kaɗai. Jan ido mai zafi ba ya jiran gobe, don ya kan taɓa gani. 'Yan mata ma suna kamuwa, kada a ce nasu shagwaɓa ce. Zuwa asibiti wajibi ne saboda wani dalili kuma: tarin fuka ya kan ci ƙashin baya, cutar da a ke ɗauka daga ɗanyen nono ta kan kama kwankwaso, ciwon sikila ya kan sa ciwon ƙashi, kowanne kuwa maganinsa dabam. A Maiduguri muna da Asibitin Koyarwa na Jami'a da Asibitin Ƙwararru na Jiha, daga Khaddamari ba tafiyar kwana ba ce.

Sa'an nan sai rigakafi, wanda ya fi magani. A makarantar mishan da na yi, ba a shiga aji sai an duba farce, an ga randa a rufe da moɗarta mai mariƙi. A lokacin muna ganin takura ce. Yanzu bincike ya nuna wanke hannu da sabulu ya kan rage gudawa da kusan kashi 30 cikin 100. Duk wanda a ka ba aji a cikinmu, ya nemi buta da sabulu ko toka a bakin masai, ya ga an rufe ramin, ya ga an tafasa ruwan sha ko an sa masa maganin tsarkakewa, balle bayan ambaliya. Ya lura da masu tallar abinci a bakin makaranta, ko a rufe ya ke, ko ƙuda ke biki a kai. In makaranta ba ta da masai, ya dami hedimasta, hedimasta ya dami hukumar ilimi da ƙungiyar iyaye, har a haƙa. Yaron da ya yi gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari, in da jini a kai shi asibiti, malami kuma ya sa masa ido wata guda bayan ya komo.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba zan rufe ba sai na yi shi. Da zarar mutane sun ji an ce hanji na da hannu a ciwon baya, 'yan kasuwa za su taso da lasifika, wannan na sayar da maganin wankin ciki, wancan na sayar da ƙwayar da wai ta ƙunshi bakteriya masu kirki. Ku sani an gwada. A Niyu Zilan, a 2010, an ba masu ciwon irin wannan ƙwaya mako 12 a wani gwaji na mutum 63, ba su fi waɗanda a ka ba ƙwayar banza samun sauƙi ba. A Denmak, a 2021, an ba da sakamakon wani gwaji inda a ka ɗura bakteriyar hanjin masu lafiya a hanjin masu wani amosani ɗan'uwan wannan, waɗanda a ka ɗura wa suka fi sauran shan wuya. Haka nan kafso mai kashe ƙwayoyin cuta, wanda mu ke saye a kemis kamar gyaɗa: in amosanin bayan atuni ya riga ya kama, kafso ba ya warkar da shi, sai dai ya karkashe barorin kirki na hanji. Maganin rage kumburi shi ke taimako, tare da motsa jiki kullum, amma a hannun likita, gama shansa barkatai ya kan ci ciki da ƙoda. Ga wanda ciwonsa ya yi tsanani akwai allurai na zamani masu kwantar da dakarun jiki, waɗansunsu suna yi wa hanji da baya magani gaba ɗaya, sai dai suna da tsada ƙwarai. Wannan tsada ma wani dalili ne na riƙe sabulu da kyau.

Abin da ke hannunmu ba tare da kuɗi ba shi ne abincinmu na gado. A 2010 masana suka gwada bakteriyar hanjin yaran wani ƙauye na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da ta yaran birnin Fulorans na Italiya. Yaran ƙauyen sun fi yawan bakteriya masu narkar da dusa, sun fi samun abincin nan da bangon hanji ke so, sun kuma fi ƙarancin dangin Shigela. Ban ce tuwon dawa da miyar kuka maganin amosani ba ne, amma suna ciyad da masu gadin bango, don haka kada mu koya wa yara raina su saboda biskit da lemon kwalba. Kindirmo ma abinci ne mai kyau, in an dafa madarar kafin a kwantar.

'Yan'uwa, ba da jimawa ba za a rarraba mu ƙauyuka, kowa da ajinsa. Iyaye za su ba mu amanar 'ya'yansu, su kuwa yaran ba za su iya cewa hanjinsu ne ya taɓa gwiwarsu ba, sai dai su yi ɗingishi su yi shiru. Ina roƙon malamanmu na kiwon lafiya su sa wannan darasi cikin abin da a ke koya mana kafin mu fita, ina kuma roƙon kowannenmu, kafin ya ɗaga bulala a kan yaron da ya makara yana jan ƙafa, ya tambaye shi lafiyar cikinsa tukuna. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kiyashe mu da sake ganin ambaliya. Amin.